Jawabi A Kan Sayen Maraƙi Da Yaye Shi

 

Ku sani garken gidanmu bai wuce shanu 7 ba, farare ne irin Bunaji. Wata shekara da rani na bi hanyar nan ta Samaru zuwa kasuwar Giwa, na ga maraƙi ɗan wata 2 an kawo shi kara ba uwa. Araharsa ta ruɗe ni, na biya dillali la'adarsa, na koro shi gida. Na zuba masa dusa da harawa, ya ƙi ci. Na yi ta ɗura masa kunu, zawo ya kama shi, bai yi kwana 20 ba ya mutu a turke. Asarar kuɗin ta dame ni, amma hakkin dabbar ya fi damuna. To, ga abin da na koya.

Mas'ala ta farko, saye. Kada ku sayi maraƙin da bai fara tuƙa ba. Dalili kuwa, ana haihuwarsa tumbinsa bai buɗe ba, nono kaɗai ke amfaninsa, sai ya yi ta tsinkar ciyawa sannu sannu kana tumbin ya iya aiki. Ku tsaya ku ga yana ci da bakinsa. Ku duba hancinsa da danshi, idonsa garau, cibiyarsa ba kumburi, gindin wutsiyarsa ba zawo, fatarsa ba kirci ba kaska. In kun kawo shi gida, ku kafa masa turkensa daban kamar mako 3, domin ciwon huhu yakan shigo garke da baƙo. Bushiya da ta cinye shanun kakanninmu an tabbatar da ƙarewarta a duniya a 2011, amma huhu da boru suna nan. Ku nemi malaman dabbobi su yi masa allura. Ga Shika kusa da mu, inda aka kafa gonar shanu tun 1928, masana kiwo suna can.

Mas'ala ta biyu, hakkin wanda aka haifa a gida. Dakashi nasa ne, ya sha shi tun ranar haihuwa, shi ne garkuwarsa daga cuta. In ana tatsa a bar masa rabonsa. Wanda ya tatse nono ƙaf don kuɗin kindirmo, ya ci sansa tun yana maraƙi.

Mas'ala ta uku, yaye. Kada a yanke shi dare ɗaya. In ya kai wata 7 ko 8, a rage masa mama, safe kaɗai, sa'an nan bayan kwana biyu biyu, ana ƙara masa dusa da ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri, da ruwa mai tsabta. Ku auna yayen ya faɗo da kaka, sa'ad da harawar wake da ta gyaɗa suka cika rumbu. Wanda aka yaye cikin bazara, ba ciyawa ba nono, tsumburewa yake yi, ko ya rayu ba ya cika.

Ku almajirai masu kiwon malamanku, ku riƙe wannan, ku faɗa wa wanda bai zo ba. Allah ya sa albarka a garkenku. Haza wasalam.