Ba Kowane Magani Ake Dakawa Ba

Yau zancenmu a kan ƙwayar magani ne, musamman irin wanda ake ba masu hawan jini, ciwon suga da ciwon gaɓoɓi.

Da yawa daga cikinmu, idan Inna ko Hajiya ta kasa haɗiye magani, sai mu murƙushe shi a cokali, ko mu buɗe kafso mu daka abin da ke ciki mu zuba mata a koko. Niyya ce ta alheri, amma fa wani maganin ba a yi masa haka.

Ki dubi randar da ke tsakar gidanki. Kullum jikinta da danshi, domin yumɓun yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan a hankali. To, irin wannan dabarar masu haɗa magani suka yi. A cikin wani kafson akwai 'yan ƙwayoyi kamar tsabar gero. Kowace ɗaya tana da irin waɗannan ƙofofi a jikinta, ko a ɓawon da aka lulluɓe ta da shi. Ruwan ciki zai shiga, ya narkar da maganin, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. In ƙofofin suna da yawa da faɗi, sai ya fito da sauri. In 'yan kaɗan ne kuma matsattsu, sai ya ɗauki awa 12, wani ma har 24. Shi ya sa za ki ji likita ya ce sau ɗaya a rana ya wadatar.

To, in aka daka ko aka tauna, an fasa randa ke nan. Maganin yini guda zai shiga jiki lokaci ɗaya. Ɗauki misalin nifedipine na hawan jini: jinin na iya sauka farat ɗaya, jiri ya kwashi tsohuwa ta faɗi. Kafin dare kuma maganin ya ƙare a jiki, jinin ya sake hawa.

Yaya za ki gane shi? Ki duba kwalin. In kin ga haruffa irin su SR, XR, ER ko MR kusa da sunan, to a haɗiye shi ɗungurungum da ruwa. In ba ki karanta boko, ki nuna wa ɗan makaranta. Tunda kuma maigida ne ke zuwa kemis, ki roƙe shi ya tambaya ko ana iya daka wannan. In mara lafiya ba ta iya haɗiya, a gaya wa likita ya canza mata wani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.