FARFAƊIYA: KADA KA GUJE WA ƊAN'UWANKA



Ga yarinya tana tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Farat ɗaya sai ta faɗi, jiki yana karkarwa, kumfa a baki. Mutane suka watse, suna cewa iska ce, kada yawunta ya taɓa su. Ga kaskon mai yana tafasa kusa da ita, ba wanda ya janye ta. Ka gani, tsoronmu ya fi ciwon yi mata ɓarna.

Ku ji gaskiya. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ga jiki kamar walƙiya. Sa'ad da saƙon ya rikice, sai mutum ya faɗi. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko numfashi, ko cin tuwo a kwano ɗaya.

Me ke kawo ta? Wahalar haihuwa, da zazzaɓin sauro da ya hau kai, da sanƙarau na lokacin hunturu, da rauni a kai, kamar na faɗuwa daga babur. Wani lokaci gado ne. Akwai kuma tsutsar ciki ta alade. Kada ka ce, ai ni ba na cin alade. Gama ƙwanta yana shiga ciki ta ruwa marar tsabta da hannun da ba a wanke ba, har ya kai ƙwaƙwalwa. Binciken likitoci da aka buga a 2000 ya sami wajen mutum 18 cikin 1,000 da farfaɗiya a ƙasar Tone, inda Dapaong ta ke.

In wani ya faɗi, janye shi daga wuta da ruwa. Sa zane ƙarƙashin kansa. Kada ka danne shi, kada ka cusa cokali a bakinsa, kada ka ɗura masa kome. In karkarwa ta lafa, kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, a kai shi asibiti maza.

Akwai magani a asibiti. Mutum 7 cikin 10 su kan daina faɗuwa in suna shansa kullum ba fashi. Sai yaro ya koma makaranta, budurwa ta yi aure, ɗan kasuwa ya koma rumfarsa.

Ɗan'uwana, gobe in wani ya faɗi a gabanka, za ka gudu, ko za ka durƙusa? Allah ya ba mu zuciyar tausayi. Amin.