Birkin Keke

 Yau zancenmu a kan birki ne.

Ranar kasuwar Sara ku tsaya bakin hanya ku duba. Ga mutum ya labta wa keke buhun gero, ya taho a guje, in zai tsaya sai ya sa ƙafa yana jan silifa a ƙasa. Kekensa ya sha ado, har da madubi biyu, amma ba birki. To, in yaro ya gilma fa? Ku sani, in gudu ya ninka sau 2, tazarar da keke zai ci kafin ya tsaya takan ninka sau 4.

Gyaran kuwa ba tsada. Tsofaffin kekunanmu, Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, birkin sandar ƙarfe gare su, robobi 4 ne ke kama wili, 2 gaba, 2 baya. Kadan roba ta cinye, ko ta bushe ta yi santsi, sai a sake ta. In kun sami mai ƙyallen fata a tsakiya ku saye ta, don ta fi kama wilin ƙarfe da damina, sa'ad da roba zalla ke zamewa.

Wurin ɗaurawa ne ake ɓarna. Gidan da roba ke zama ciki, sau da yawa bakinsa ɗaya a toshe yake, ɗaya a buɗe. Toshen shi ke duban wajen da wili ke juyawa in keke yana tafiya gaba. In an juya shi, ran da aka matse birki da ƙarfi sai wili ya fizge robar ta fice, a bar mutum da ƙarfe tsirara. Sa'an nan a sassauta notin sanda, a ɗaga robobin har tsakaninsu da wili ya zama kamar kaurin tsinken ashana, a ɗaure. In wili ya karkace, wannan aikin mai gyaran keke ne.

Mai kuwa na sarƙa ne. Kada ya taɓa wili. In ya taɓa, a wanke da sabulu.

Waɗansu kan cire birkin gaba wai yana ka da mutum. Shi ne ya fi ƙarfi. A kama su tare sannu sannu, amma cikin rairayi a fi dogara ga na baya.

Ran Laraba kowa ya zo aji da kekensa da sifana.