Tazarar Bakin Fulogi: Raina Kama Ka Ga Gayya



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu da bai shafi ofis ba. Ni ma'aikacin gwamnati ne, amma sha'anin mota ya daɗe da shiga raina. Don haka na zaɓi fulogi, musamman 'yar tazarar da ke bakinsa, wadda yawancinmu ba mu taɓa dubawa ba.

A bakin fulogi akwai ƙarafa biyu: tsinken tsakiya, da wani lanƙwasasshe da ya rufo kansa. A tsakaninsu wuta ke tsallakawa ta kunna fetur da iskar da fistin ya matse. Wanda bai manta darasin Fizis ba zai tuna cewa iska ba ta barin lantarki ya ratsa ta da sauƙi. A sarari, sai an sami kamar bolt 3,000 kafin wuta ta tsallake milimita 1. A 1889 wani Bajamushe, Friedrich Paschen, ya nuna cewa idan matsin iska ya ƙaru, ƙarfin lantarkin da ake bukata ma ƙaruwa yake yi. Shi ya sa kwayil ke ba da bolt 20,000 ko fiye.

To, a nan motocin gudu suka bambanta da sauran. Mota mai turbo, irin su Golf GTI da Subaru WRX, tana cusa iska da yawa cikin silinda, sai matsin ya yi tsanani. Saboda haka tazararta ƙarama ce, milimita 0.7 zuwa 0.8, alhali motocin gida da yawa 1.1 suke so. Wanda aka ƙara wa injinsa ƙarfi kuwa yakan rage ta zuwa wajen 0.6.

Idan tazarar ta yi faɗi, motar za ta yi ta tafiya lafiya a cikin gari, ba za ka ga komai ba. Sai ranar da ka taka totur za ka wuce tirela, ga wata mota tana tahowa, wutar ta kasa tsallakawa, injin ya kama shaƙewa. Wannan ba maganar kuɗi ba ce kawai, maganar rai ce. Idan kuma ta matse da yawa, tartsatsin zai yi ƙanƙanta, silo ya lalace, motar ta riƙa shan mai.

Gyaran ba wuya. Da farko a duba littafin motar. Lambar fulogin ma takan faɗa: a na kamfanin NGK, idan ta ƙare da 11, ana nufin milimita 1.1. Sai a auna da fila gej, wato 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba a jiki. Wanda ya dace zai shiga da ɗan tauri kaɗan. Lanƙwasasshen ƙarfen kaɗai ake taɓawa, a hankali. Kada a bari yaron gareji ya buga fulogi a ƙasa, kada kuma a dogara da tsinken tsakiya wajen buɗawa, balle na iridiyam, wanda siriri ne ƙwarai, nan take zai karye. Ko sabo ne a auna, tsohon kuma a san cewa bakinsa cinyewa yake yi, tazarar tana ƙara buɗewa. A jira injin ya huce, a fara ɗaurawa da hannu kafin a sa sifana.

Roƙona gare ku guda ɗaya ne. Ranar da za a canza muku fulogi, ku tambayi bakanike nawa ya sa tazarar. In ya ce ai ido ya isa, ku ce ya ɗauko ma'auni, don ido ba mudu ba ne.