Serti, Ƙofar Duwatsu: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya



Duk motar da ta taso daga Jalingo za ta hau Mambila, sai ta ratsa Serti kafin ta kama hawan dutse a Mayo Selbe. Matafiya kan tsaya su sha mai, su yi salla, su wuce. Abin da muke so mu tambayi kanmu a yau shi ne, me ya sa ba sa kwana?

Ai ba abin gani muka rasa ba. Ƙasar nan ta zauna a hannun Jamusawa, kuma kufan sansaninsu yana nan a kan tudu kusa da tsohon garin Gashaka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma riƙon Ingilishi, har zuwa 1961, lokacin da iyayenmu suka jefa ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Taraba, a shekarar kuma aka kafa Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane girma a ƙasar nan, da faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa ne Cappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Akwai dorina a Mayo Kam, akwai ɓauna, akwai biran cimfanzi waɗanda masana ke ƙetaro teku domin nazarinsu.

To, amma mu da muka tsufa da alli a hannu mun ga yara sun gama firamare ba su taɓa taka gandun ba. Mun ga yadda aka yi ta sare madobiya ana loda wa manyan motoci. Idan daji ya ƙare, me za mu nuna wa baƙo?

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu uku. Ta riƙa kai 'yan makaranta gandun kowace shekara. Ta koya wa matasanmu aikin ja-gorar baƙi. Ta kuma tsaya a kan tsabtar tasha da kasuwa da masauki. Fulani da Jibu da Hausawa da sauran ƙabilu mun daɗe muna cin kasuwa ɗaya, kuma shimfiɗar fuska, wadda ta fi ta tabarma, mun gaje ta. Saura mu share ƙofar da Allah ya ba mu tsaro.

Allah ya ja zamanin Lamiɗo, ya bar zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.