ƘARANCIN ƘWAYOYIN TSAYAR DA JINI GA MASU JINYAR CIWON DAJI

Jama'a, a cikin jinin ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne toshe rauni don jini ya tsaya. A cikin ɓargo ake yin su, kuma ba su wuce kwana goma a raye. Ɗigon jinin mai lafiya, wanda bai kai ƙwayar gero ba, yana ɗauke da 150,000 zuwa 450,000.

Magungunan kashe ciwon daji sukan taɓa ɓargo, sai ƙwayoyin nan su ragu. Alamun haka su ne haɓo, da zubar jini daga dasashi, da jajayen ɗigo a fata. Idan suka ragu ƙwarai, dole likita ya jinkirta maganin dajin ko ya rage shi, cutar kuwa ta sami sarari.

Hanyar da aka saba ita ce a ƙara wa majiyyaci ƙwayoyin da aka tace daga jinin wani. Amma amfaninsu na 'yan kwanaki ne, kuma ba su ajiyuwa fiye da mako guda.

Saboda haka masana suka shiga neman abin da zai zaburar da ɓargon kansa. A 1994 aka gano sinadarin da hanta take fitarwa domin wannan aiki. Aka kwaikwaye shi, amma a 1998 aka dakatar da gwajin wani irinsa, domin jikin waɗansu mutane ya yaƙe shi har ƙwayoyinsu suka ƙara raguwa. A 2008 Amurka ta amince da romiplostim, na allura, da eltrombopag, na haɗiya, domin wata cutar jini dabam; daga bisani aka gwada su ga masu ciwon daji. An ga romiplostim ya taimaki majiyyata da dama su ci gaba da magani a kan lokaci. Shi kuwa avatrombopag, gwajinsa na 2020 bai cim ma abin da aka nema ba. Magungunan suna da tsada, kuma suna iya sa jini ya daskare a jijiya.

Don haka kada kowa ya sha su sai da umurnin likita. Majiyyaci ya guji asfirin, ya garzaya asibiti da zarar jini ya ƙi tsayawa. Masu lafiya kuma su daure su ba da jini, domin da shi ake ceton 'yan'uwansu.