Wayar da ke yi wa makaho karatu

 A da, sai a fim ake ganin ƙarfe yana magana. Yau kuwa wayar Android tana da TalkBack: makaho ya shafa fuskarta da yatsa, ta faɗa masa abin da ya taɓa, har saƙo ta karanta masa. Ba a biyan ko kwabo, kunnawa kawai ake yi.

Amma fa Turanci ta fi ji. To uwargida, yarinyar nan taki da ba ta gani, wadda kika killace a ɗaka don tausayi, in ba ta yi karatu ba, wayar surutu kawai za ta yi mata. Yau in maigida ya gama cin tuwo, ki ɗauko masa maganar makarantarta.